Mutum da kujera: asalin malami da tushen ikonsa a koyarwar jami'a

Taƙaitawa

Wannan takarda tana duba tambaya ɗaya: daga ina malamin jami'a yake samun ikon da ke sa ɗalibai su saurare shi, su yarda da abin da ya faɗa, su kuma amince da makin da ya ba su? Za mu nuna cewa a jami'o'in Nijar ikon nan yana da tushe uku: kujera, asali da sani. Kujera aro ce daga hukuma. Asali abu ne da mutum ya tarar. Sani kaɗai ɗalibi ke iya gwadawa, saboda haka bisa kansa ya kamata sauran biyun su jingina.

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ɗaruruwan ɗalibai a amfi ya san takardar ɗauka aiki ba ta sa a yi shiru. Malamai biyu masu digiri ɗaya da matsayi ɗaya suna koyar da darasi ɗaya. Da ɗayan ya shigo sai aji ya natsu, ɗayan kuwa sai ya yi ta bugun tebur. Akan ce wannan hali ne ko baiwa, a wuce wurin. Amma maganar ta fi haka nauyi, don kuwa makomar mutane tana rataye da ita: ɗalibin da aka kayar saboda ya yi gardama, malamar da ake kira da sunanta tsura alhali ana ce wa abokin aikinta Dokta, matashin malamin da ya koma mai tsanani don gudun raini.

Galibi ba a koya wa malamin jami'a wannan fanni. Mai shiga koyarwa a firamare yakan bi ta makarantar horon malamai. Mai shiga jami'a kuwa tez ɗinsa ce shaidarsa, ita kuma shaidar bincike ce. Saboda haka kowa yakan kwaikwayi malamin da ya koyar da shi, da kyawonsa da muninsa. Manufarmu a nan ita ce mu warware abin da ake kwaikwayon, mu ga daga ina ya fito.

2. Kalmomin aiki

Inda Faransanci ke amfani da kalma ɗaya, autorité, Hausa tana da aƙalla huɗu, kuma bambancinsu zai yi mana jagora.

Iko shi ne abin da muƙami ke bayarwa. Wanda ya naɗa yana iya tuɓewa, kuma ranar da aka tuɓe mutum ikon ya koma hannun wani. Girma jama'a ke ba da shi, bisa shekaru ko gidan da mutum ya fito ko hidimar da ya yi. Kwarjini yana jikin mutum: shi ke sa a sunkuyar da kai tun bai yi magana ba. Yarda kuwa tana wajen mai saurare, kuma sai bayan gwaji take samuwa. Ita ce ƴar uwar amana.

Uku na farko sun yi kusa da rabon da masanin zamantakewa na Jamus, Max Weber, ya yi wa halattaccen mulki: na doka, na gado da al'ada, da na kwarjini. Sai dai Weber yana bayanin abin da ke sa mutane biyayya ne, aji kuwa yana bukatar abin da ya wuce biyayya. Ɗalibi yana iya rubuta duk abin da aka faɗa, ya mayar da shi ranar jarrabawa, ya ci maki 14 bisa 20, alhali ko kalma ɗaya ba ta zauna a zuciyarsa ba.

Pierre Bourdieu da Jean-Claude Passeron, cikin littafinsu La Reproduction na 1970, sun ƙara wani abin lura. A ganinsu makaranta ce ke ara wa malami ikonsa, ta hanyar dandamalin da yake tsayawa, da harshen da yake magana da shi, da tazarar da ke tsakaninsa da ɗalibai, har ya zamana ba sai ya kafa hujjar cancantarsa kullum ba. Haɗarin shi ne malami ya manta aro ne, ya ɗauka shirun amfi shaidar iliminsa ce.

3. Gado biyu: zaure da amfi

Malamin jami'a a ƙasarmu magajin tsari biyu ne, ko ya sani ko bai sani ba.

3.1. Zaure

A makarantar ilimi ta zaure, iko yana jikin mutum. Ɗalibi ne ke zaɓen malami, ya je gidansa, ya karanta littafi a gabansa, daga Ahalari da Ishmawi zuwa Iziyya da Risala, har Muhtasar. In ya sauke, ijazar da zai samu tana ɗauke da sunan malaminsa da na malamin malaminsa. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi guda don jera malaman da ya yi karatu wajensu, cikinsu har da Malam Jibril ɗan Umaru wanda ya koyar a Agadas. A wannan tsari, tambayar "wa ya karantar da kai?" ita ce tambayar digiri.

Ladabin zaure sananne ne: tuɓe takalma, zama ƙasa, sunkuyar da kai, "Allah shi gafarta malam". Abin da akan manta shi ne wannan iko yana da linzami. Malamin zaure ba ya ba da maki, ba ya riƙe da ƙofar aikin gwamnati, kuma ɗalibi yana da ƴancin tafiya. In karatun malami ya ƙare ko halinsa ya ɓaci, sai a naɗe buzu a nufi wani gari. Zauren da ya zama kango hukunci ne da ɗalibai suka yanke.

3.2. Amfi

A tsarin lakwal da muka gada daga Faransa, iko yana hannun hukuma. Mushe ma'aikacin gwamnati ne da aka turo. Ba ɗalibi ya zaɓe shi ba. Jami'ar Yamai, wadda ta soma a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi a 1971 ta zama jami'a a 1973, bisa wannan tsari aka gina ta: babban darasi a amfi inda malami ke magana ana rubutawa, sai aikin ƙananan rukunoni da ake kira TD. Hawa matakan aiki, daga asistan zuwa metir-asistan, zuwa metir-da-konferans, zuwa cikakken farfesa, yana bi ta hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968 kuma mazauninta ke Wagadugu. A can, takwarorin malami daga ƙasashe dabam-dabam ke duba takardunsa, kuma abin da ya fi nauyi a ma'auninsu shi ne binciken da ya wallafa.

Wannan iko ma yana da linzaminsa: rubutacciyar doka, juri mai mutane da yawa, da hukuncin takwarorin da ba su san gidan su mutum ba. Amma ɗalibi ba shi da ƙofar fita. Darasin dole ne, malamin ɗaya ne, makin kuma a hannunsa yake.

3.3. Inda gadon biyu suka haɗu

A nan matsalar take. Abu ne mai sauƙi malami ya ɗauko ladabin zaure, wato kada a tambaye shi kuma kada a haɗa ido da shi, ya haɗa da ikon amfi, wato maki da rashin mafita, sannan ya bar linzaman biyu a baya. Ɗalibi ba ya iya naɗe buzunsa kamar a zaure, kuma kunya ta hana shi neman haƙƙinsa bisa doka kamar yadda tsarin amfi ya tanada. Ikon da ya fito daga wannan haɗi ya fi na kowane ɗaya daga cikin tsarin biyu, alhali babu wanda ya tsara shi haka. Abdu Mumuni, masanin fizik haifaffen Tasawa wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, ya yi kira cikin littafinsa L'Éducation en Afrique na 1964 da a dasa makarantar zamani cikin al'umma da harsunanta. Dasawar da ta dace ita ce wadda ke ɗauko nauyin da ke kan malamin gargajiya tare da girman da ake ba shi.

4. Abin da ɗalibi ke gani kafin malami ya buɗe baki

Doka ta ɗauka malami kujera ce kawai. Ɗalibi kuwa mutum yake gani, kuma abubuwa huɗu yake karantawa a jikinsa.

Na farko shekaru. A al'ummar da furfura ke da daraja, dokta ɗan shekara 30 yana iya samun kansa gaban ma'aikacin da ya dawo karatu, sa'an babban wansa. A waje shi ne zai fara gaisuwa, a aji shi ne zai gyara kuskure. Da yawa daga cikin matasan malamai sukan rufe wannan giɓi da tsanani: maki kaɗan, fuska a murtuke, korar mai latti. Tsoro yakan samu, yarda kuwa ta yi nisa.

Na biyu jinsi. Mata ƴan kaɗan ne cikin malaman jami'o'inmu, kuma malama takan biya kuɗin shiga sau biyu. In ta yi sauƙi a ce ba ta iya riƙe aji ba, in ta tsare gida a ce ta cika zafi. Akan tambayi ko tana da aure, tambayar da ba a yi wa namiji. Ana kiranta Madam ko Hajiya a wurin da ake kiran namiji da digirinsa, wato ana mayar da ita ga matsayinta na gida. Amma mace mai ikon karantarwa ba baƙuwa ce a tarihin yankin nan ba. Nana Asma'u (1793-1864) ta kafa tsarin ƴan taru, inda ake naɗa wa jaji malfa a matsayin alamar izinin koyarwa. A farkon shekarun 2000 kuma mace ce, Farfesa Buli Ali Diyallo, ke shugabancin jami'ar Yamai.

Na uku asali. M. G. Smith, cikin nazarinsa na 1959 bisa matsayi a ƙasar Hausa, ya bambanta sana'ar karda, wadda mutum ya gada, da shigege, wadda ya shiga da kansa. Koyarwar jami'a shigege ce ga kusan kowa, tun da jami'ar kanta ba ta daɗe ba. Wannan alheri ne: ɗan mahauci ko ɗan maƙeri ko ɗan maroƙi yana iya zama farfesa, ya yanke hukunci bisa takardar ɗan sarauta. Sai dai tsohon ma'auni bai mutu ba. Yana fitowa cikin raɗa, cikin "ɗan wane ne?", wani lokaci har cikin zaɓen shugaban sashe. Akwai kuma asali na biyu, na digiri: wanda ya yi tez a Faransa, da wanda ya yi a Dakar ko Yamai, da wanda ya yi a Zariya ko Kano, da wanda ya fito jami'ar Musulunci ta Sayi ko Azhar, ba kallo ɗaya ake yi masu ba, ko da CAMES ta sa su a mataki ɗaya.

Na huɗu harshe. Faransanci shi ne rigar ikon amfi. Malamin da ya tashi a lakwal ɗin ƙauye yana iya tarar da ɗalibin da ya fi shi santsin harshe, ɗalibai kuma sukan auna ilimi da lafazi. In malami ya juya zuwa Hausa don fayyace wani batu mai wuya, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, fuskoki sukan saki, tambayoyi su fito. Amma a bencin nan akwai mai jin Zabarmanci ko Tamajak ko Barbarci ko Fulatanci wanda juyin ya bari a baya, kuma yana iya ɗauka malamin ya zaɓi nasa. Makarantun gwaji masu harshe biyu sun soma a Damagaram tun 1973, kuma kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Wannan ya ƙara wa malami mai jin Hausa nauyi: duk abin da ya faɗa da Hausa a aji, wajibi ne ya tabbata ya isa ga wanda ba ya ji.

Babu ɗaya cikin huɗun nan da ke faɗin ko malami ya san darasinsa. Duk da haka su ke yanke yawan yardar da za a ba shi bashi a ranar farko. Wani yana shigowa da jari, wani da gibi.

5. Kurakurai biyu

5.1. Mutum ya cinye kujera

Kuskure na farko shi ne malami ya mayar da ikon aro mallakarsa. Wuri uku ya fi bayyana.

Maki. Zumunci yana da haƙƙi, kuma wanda ya ƙi taimakon ɗan uwa akan ce ya yi girman kai. Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana nazarin kyauta a yankin Maraɗi, ya nuna yadda kyauta ke ƙulla bashi tsakanin mai bayarwa da mai karɓa. Buhun gero ko ragon salla da ya fito daga gidan su ɗalibi yana cikin wannan lissafi, ko da ba a ambaci jarrabawa ba. Makin da aka ƙara wa ɗaya, daga aljihun sauran aka ciro shi. Mafi muni shi ne neman ɗaliba da maki: a nan an yi amfani da rashin mafitarta, kuma kunyar da aka tarbiyyantar da ita a kai ita ce ke rufe bakinta.

Kula da kundi. Dangantakar darakta da mai rubuta memwar ko tez ita ce ta fi kama da zaure, mutum da mutum, shekara da shekaru. Tana iya zama mafi albarkar abin da ke jami'a. Tana kuma iya zama barantaka: ɗalibi ya koma ɗan aike, babinsa ya yi wata shida a aljihun tebur, ko sunan darakta ya hau aikin da bai taɓa ba.

Siyasa. Bayan babban taron ƙasa na 1991, wanda masanin tarihi Andre Salifu ya shugabanta, malaman jami'a da dama sun shiga jam'iyyu, kuma haƙƙinsu ne na ƴan ƙasa. Amma Weber, cikin laccar da ya yi wa ɗalibai a Munik a 1917, ya ja kunne cewa dandamalin aji ba wurin wa'azin siyasa ba ne, bisa dalili mai sauƙi: masu saurare ba su da damar mayar da martani, kuma makomarsu tana hannun mai maganar. Hujjar nan ta shafi aƙidar addini da ƙabila kamar yadda ta shafi jam'iyya.

5.2. Mutum ya ɓuya bayan kujera

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, kuma an fi yi masa uzuri. Malami ya shigo, ya yi shifta daga takardun da ya rubuta shekara goma da suka wuce, ya hana tambaya da sunan ƙarancin lokaci, ya fita. Bai zalunci kowa ba a fili, amma ya hana ɗalibai abin da ya bambanta jami'a da lise, wato ganin yadda mai sani ke tunani, yadda yake auna hujja, inda yake shakka. Sau da yawa tsoro ne ke jawo haka, tsoron tambayar da ba a san amsarta ba. Alhali a al'adar ilimin da yankinmu ya gada, an ruwaito cewa Imamu Malik yakan amsa tambayoyi da yawa da cewa bai sani ba, kuma hakan daraja ya ƙara mashi. Malamin da ya ce "zan duba, mu koma kanta mako mai zuwa", ya kuma cika alkawari, ya koyar da hanyar bincike a aikace.

6. Abin da ya sauya

Abubuwa uku sun rage wa kujera ƙarfi cikin shekaru talatin da ƴan kai. Na farko, tun daga zanga-zangar 9 ga Fabrairu 1990 a gadar Kenedi, inda aka kashe ɗalibai, ƙungiyar USN ta zama ƙarfin da ba a iya kau da kai daga gare shi. Rage darajar kuɗin sefa a Janairu 1994, da bashin albashi, da shekarun karatun da aka soke, su ma sun taɓa martabar ma'aikacin gwamnati. Na biyu, buɗe jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2010, da na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi a 2014, ya kawo matasan malamai da yawa, wasu suna koyarwa a garin haihuwarsu, inda suke haɗuwa da iyayen ɗalibansu wurin suna da jana'iza. Tazarar da ke kare malamin Yamai a da, babu ita a nan. Na uku, tsarin LMD da ƙasashen UEMOA suka amince da shi a 2007 ya ɗora wa ɗalibi aikin kansa, wayar hannu da intanet kuma sun ba shi damar duba maganar malami tun bai sauka daga dandamali ba.

Wasu na ganin wannan lalacewar tarbiyya ce. A ganinmu, ƙofar fitar da ɗalibin zaure ke da ita ce ta dawo ta wata hanya: ɗalibin yau yana zaune a benci, amma yardarsa tana iya naɗe buzu ta tafi.

7. Kammalawa

A. H. M. Kirk-Greene, cikin nazarinsa na 1974 bisa ma'anar mutumin kirki a Hausa, ya jera halaye irin su gaskiya, amana, haƙuri, mutunci da adalci. Abin lura shi ne babu ɗaya cikinsu da ake gada ko ake naɗawa. A mu'amala ake ganinsu. Haka ikon malami yake. Shekarunsa da jinsinsa da garinsu da lafazinsa za su shigo aji tare da shi, kuma yana iya ɗebo misalai daga rayuwarsa don haskaka darasi. Abin da bai kamata ba shi ne ya nemi a yarda da shi saboda su, ko a hana shi yarda saboda su.

Daga wannan muke ba sassanmu shawarwari biyar, waɗanda ba su bukatar kasafin kuɗi:

a) a raba wa ɗalibai tsarin darasi da ma'aunin maki a rubuce tun makon farko;
b) a rufe sunaye bisa takardun jarrabawa, a kuma ba ɗalibi damar ganin takardarsa bayan gyara;
c) a ƙayyade lokacin da darakta zai mayar da babin kundi, a kuma buɗe hanyar sauya darakta ba tare da ramuwa ba;
d) a kira kowane malami, mace ko namiji, da laƙabin aiki iri ɗaya a takarda da taro;
e) a samar da wurin kai kuka da ba ya hannun wanda ake kuka da shi.

Waɗannan matakai sun fi amfanar malamin da ya shigo da gibi, wato matashi da mace da wanda ba ɗan kowa ba, don suna ba shi abin dogaro da ya fi murtuke fuska. Suna kuma kare malamin da ke koyarwa a garinsu: in kawu ya zo da maganar maki, amsar ita ce takardun ba su da suna. Muna fatan abokan aiki na sauran sassa, musamman na kimiyya da likitanci inda aikin ɗakin gwaji da na asibiti ke sauya dangantakar malami da ɗalibi, za su gwada wannan rabo na kujera da asali da sani bisa abin da suke gani, mu ji inda ya yi daidai da inda yake bukatar gyara.